Shuɗin Ƙyallen Kalolaine

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina rumfata a kasuwar Talamahu ina jera gwaza da rogo, ƙararrawar cocinmu ta fara irin bugun nan mai jinkiri da kowa ya san ma'anarsa. Kafin in buɗe baki in tambaya, maƙwabciyar rumfata ta dafa kafaɗata ta ce, "Lesieli, Kalo ce." Haka na ji labarin rasuwarki, Kalolaine Lutui, mai shagon jingina na bayan tashar mota a Nuku'alofa, bayan jinyar da ta kwantar da ke tun ƙarshen bara. Wanda ya ba mu aronki ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa.

Ba jini ne ya haɗa ni da ke ba. Ke 'yar Vava'u ce, ni 'yar Ha'apai, kuma mun yi shekaru kina tsokanata cewa mutanen tsibirinmu ba su gaji komai ba sai saƙa da girman kai, ni kuma ina rama miki da cewa naku ba su gaji komai ba sai surutu. Abin da ya haɗa mu tabarma ce, tabarmar kakata, wadda na kawo miki jingina, na kasa fansa, har kika bar duniya tana ɗakinki na baya. Saboda ita nake wannan rubutu, ko da yake na san da kina nan da kin ce in rage tsawon zance.

Wanda ya leƙa shagonki daga bakin titi, abin da zai gani shi ne agoguna da zobba, kekunan ɗinki, tsofaffin kwabbai na zamanin kakanni, lambobin yabo na sojojin da suka je yaƙin duniya, da akussan kava, abin shanmu na gargajiya, jere a kan kanta. Amma mu mata mun san dukiyar tana ɗakin baya, inda tabarmi da ngatu, zanen ɓawon itacen nan namu, suke ninke har kusa da rufi. A ƙasar nan mace ba ta da ajiyar da ta wuce su. Da su ake aure, da su ake karɓar jariri, da su ake binne mamaci. Idan kuma ta kwaɓe, su ake naɗewa a zane a bi ta ƙofar baya a kawo miki.

Ban taɓa ganin kin fara da maganar kuɗi ba. Sai kin wanke hannu, kin shimfiɗa abin a kan tebur, kin bi saƙar da babban yatsanki daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ki sunkuya ki sansana. Kina cewa ganyen da aka jiƙa a teku har ya yi fari ba ya rabuwa da ƙanshin gishiri ko ya shekara ɗari, wanda aka wanke da maganin kanti kuwa hancinki ba ya yafe masa. Bayan haka ne kike ɗaga kai ki yi tambayarki guda biyu: wa ya saƙa ta, kuma a mutuwar wa aka ɗaura ta? Wadda ta iya amsawa ta san za ki ba ta abin da ya fi na ko'ina a garin nan. Wadda ta fara kame-kame kuwa, kikan ce ta je ta dawo da mai abin.

Ba ki da wasa wurin gane jabu, amma ba kya wulaƙanta mai shi. Ina zaune ranar da Maka, masuncin nan na Sopu, ya shigo da kulkin yaƙi naɗe a tawul, yana rantsuwa cewa kakan kakansa ya fasa kawunan mutanen Fiji da shi. Kika juya shi, kika sansana, kika goga yatsa, yatsan ya fito baƙi ƙirin.

"Maka," kika ce, "ashe kakan naka da man goge takalmi yake tafiya yaƙi?"

"Kalo, don Allah ki rage murya, akwai mutane."

"Mutanen ne ma suka ji warin tun kana bakin ƙofa. Wa ya sassaƙa maka?"

"Ni ne."

"To, ka iya sassaƙa, ƙarya ce ba ka iya ba. Je ka wanke shi tas, ka kawo mini a matsayin sabo, in sayar maka."

Har yau Maka da sassaƙa yake ciyar da gidansa, kuma a ranar binne ki shi ya fi kowa kuka cikin maza.

Idan lokacin baikon shekara na coci ya zo, lokacin da ake kiran sunan kowane gida a faɗi abin da ya bayar kowa yana ji, ɗakinki na baya yakan cika har ki rasa wurin taka ƙafa. Ba wanda yake so a kira sunan gidansu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kin sha yi mana faɗa a kan haka, kina cewa Allah bai aiko kowa ya tuɓe tabarmar uwarsa don a tafa masa ba. Kina faɗan kina karɓa, domin kin san idan kika ƙi, za a kai wa wanda ba zai tambayi wa ya saƙa ba. Kowace tabarma da ta shigo, sai kin ɗaura mata ɗan shuɗin ƙyalle a kusurwa, wanda kike yagowa daga tsofaffin rigunanki na coci. Duk garin nan an san ƙyallen, kuma ba macen da take so a gan shi a jikin kayanta.

Abin da ya bambanta ki da duk masu wannan sana'a shi ne aron ranar mutuwa. A wurinmu ba a zuwa makoki sai da baƙaƙen kaya da ta'ovala, tabarmar da ake ɗaurawa a ƙugu, kuma idan mamacin naka ne, ba kowace za ka ɗaura ba sai ta gidanku, wadda dangi suka sani. Macen da ta fito ba da ita ba ta tona wa kanta asiri a gaban surukai. Ke kuwa, duk wadda aka yi wa rasuwa alhali tabarmarta tana hannunki, kikan ba ta aronta har a gama zaman makoki, ba shaida, ba wani abu a madadi. Sauran masu shaguna sun ce hauka ne, wata rana za a kwashe ki. Kika ce ai mutuwa ba ta tambayar mutum ko ya gama biyan Kalo kafin ta shigo masa gida. Abu ɗaya kawai kika hana, a kwance ƙyallen. Sai dai ki nuna wa mace yadda za ta cusa shi ciki, ƙarƙashin igiyar ɗauri, inda ido ba ya kaiwa.

Tawa ta zo miki ne shekarar da ciwon ƙoda ya kama mijina Taniela, likitoci suka ce sai an fita da shi waje, an kai shi Auckland. Kakar mahaifiyata ce ta saƙa ta a Ha'apai, ta bar wa kakata, shi ya sa muke kiranta da sunan kakata. Ta yi duhu kamar ruwan shayi, gefenta ya zaizaye, akwai faci biyu da mahaifiyata ta yi mata, amma saƙarta ta yi laushin da za a iya tura ta cikin hannun riga. Ba a taɓa binne wani a gidanmu ba tare da an ɗaura ta ba. Da na shimfiɗa miki ita, sai kika bi saƙar da babban yatsanki. Ko tambayarki ba ki yi ba, don kin san amsar.

"Lesieli, wannan ba ta shago ba ce," kika ce. "Ba ki da alade?"

"Na sayar."

"Keken ɗinkinki fa?"

"Ba ke kika ce ko kyauta aka ba ki ba kya so ba?"

"Na faɗa, kuma ban janye ba."

Muka yi dariya, ni ina yi hawaye na zuba. Kika ba ni abin da ya kai mu Auckland, kika ɗaura ƙyallenki, kika hau kujera kika ajiye ta a kanta ta can sama, inda ɓera da danshi ba sa kaiwa.

Taniela bai dawo da ƙafarsa ba, a akwati aka sauke shi daga jirgi. Ni mace ce mai girman kai, kin faɗa kuma gaskiya ne, don haka na kasa zuwa neman aro. Ina zaune da safe cikin baƙaƙen kaya ina tunanin yadda zan fita gaban yayarsa Heilala, matar da idonta ba ya wuce ko zare ɗaya a jikin mutum, sai ga ki ta ƙofar kicin da kwandon burodi. A ƙarƙashin burodin tabarmar take. Ke da kanki kika naɗa mini ita, kika zagaya igiyar zaren kwakwa kika ɗaure, kika cusa ƙyallen ciki da yatsa, kika ce, "Tsaya sosai, kada ki sunkuya gaban surukanki." Heilala ta dube ni sama da ƙasa a ranar, ta ga tabarmar gidanmu a ƙuguna, ba ta sami abin kushewa ba. Wannan rufin asiri ba ni da abin da zan biya shi da shi.

Da aka gama makoki na mayar miki. Wa'adin fansa ya wuce, ya sake wucewa. Gwaza da rogo ba sa fansar irin wannan tabarma, sai dai in kawo ɗan abin da ya samu idan kasuwa ta yi kyau. Ba ki taɓa tuna mini ba. Idan rana ta fito sosai kikan sauko da ita ki shanya a bayan shago, ki aiko a ce in zo in gaishe da kakata.

Sai ciwo ya kwantar da ke, ɗanki Kelepi ya bar aikinsa a Sydney ya dawo ya riƙe shagon. Ina so in yi masa adalci a nan, domin na yi masa rashin adalci a zuciyata. Yaro ne mai ladabi, ya tarar da ɗaki cike da kaya, aljihun tebur babu komai, ga magani kullum yana cin kuɗi. Wata mata mai fataucin kayan tarihi ta zo daga Sydney, ta shiga ɗakin baya, ta zaɓi abin da wa'adinsa ya wuce. Cikin abin da ta zaɓa har da tawa, ita ma ta fi yi wa farashi. Irin waɗannan, in ji ta, a bayan gilashi ake sa su a rataye a bangon manyan gidaje. Kelepi bai ɓoye mini ba, har rumfata ya zo ya tsaya, hularsa a hannu, ya ce matar za ta dawo ƙarshen watan Mayu, idan ina da hali kafin nan in zo. Ya san ba ni da shi, ni ma na sani. Bisa ƙa'ida gaskiyarsa ce, amma a ranar ji na yi kamar in kife masa kwandon gwaza a ka.

Na tafi gidanki da niyyar kai ƙara. Na tarar da ke kin rame har zoben aurenki yana yawo a yatsa, sai maganar ta maƙale mini. Na zauna ina ta ba ki labarin tsadar albasa. Kika bar ni na gama.

"Kin zo da magana cike da baki kin haɗiye," kika ce. "Za ta shaƙe ki."

"Ba komai, Kalo."

"Ƙarya ba ta yi miki kyau, kamar Maka kike. Na san matar nan ta zo. Ban hana yaron ba, kuma ba zan hana shi ba. Kuɗin maganina ba a teku yake kamo shi ba. Idan na tilasta shi ina kwance, ranar da na rufe ido zai yi abin da ya ga dama, ya kuma ji haushinku a kai. Shagon nasa ne yanzu. Ki bar shi ya gani da idonsa."

Ban gane abin da zai gani ba, kuma na fito raina a ɓace. Ina ganin kin sallama ni. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe, kuma har yanzu tana yi mini ciwo cewa ban juyo na ƙara kallonki ba.

Washegarin rasuwarki da safe na sa baƙaƙen kaya na nufi shagon, ban san me zan ce ba. Na tarar da ba ni kaɗai ba ce. Mata ne tsaye a bayan shagon, wasu daga ƙauyukan gabas, wasu daga yamma, kowa cikin baƙi, kowa ƙugu babu komai, kowa tana kauce wa idon 'yar'uwarta. Kelepi ya iso da makullai, idanunsa sun kumbura, ya tsaya yana kallonmu.

"Shago a rufe yake, iyayena. Kun san abin da ya faru."

Sai ni da ba na iya riƙe baki na ce, "Mun sani, shi ya kawo mu. Aro muka zo."

"Aron me?"

"Tabarminmu. An yi mana rasuwa."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Na ga yana lissafin cewa idan ɗakin nan ya fita ta ƙofa bai dawo ba, shi da 'yan'uwansa ba su da komai, ko kuɗin ciyar da masu zaman makoki. Ya daɗe yana juya makullin a hannu. Sannan ya ce, "Haka Kalo take yi?" Muka ce haka take yi. Ya buɗe.

Tawa ba ta kan kantar sama. An riga an sa ta cikin leda an ware ta gefe da sauran kayan matar Sydney. Ya ɗauko, ya riƙe, ya ce, "Lesieli, wannan na riga na yi alkawarinta. Don Allah ta dawo." Na ce masa tun ba a haife shi ba nake mayar wa mutane abinsu. Na karɓa, a sanina wannan ne ɗauri na ƙarshe.

Ranar da aka kai ki makwancinki, an lulluɓe shingen gidanki da baƙin yadi da na shunayya, ƙungiyoyin waƙa na coci uku suka raka ki. Muna tsaye a maƙabarta, ana tara farin yashi a kan kabarin, sai na ga Pisila, matar ma'ajin cocinmu, wadda ta sha faɗa a taron mata cewa gidansu bai san hanyar shagon jingina ba, ta sa hannu ƙarƙashin igiyar ƙugunta. Na zaci gyarawa take. Sai ta jawo shuɗin ƙyalle ta sake shi yana lilo a waje, ta ɗaga kai tana kallon kabarin, hawaye na bin kumatunta. Ta kusa da ita ta gani, ita ma ta jawo nata. Daga nan abin ya bi layi. Waƙa kawai ake yi, amma duk inda na duba sai in ga shuɗi a jikin tabarma, har a ƙugun matan da ban taɓa zaton sun san ƙofarki ta baya ba.

Heilala tana tsaye daf da ni. Shekaru na yi ina ɓoye mata abin nan, kuma ke kika taya ni ɓoyewa. Amma na ga ba zan iya tsayawa a kan kabarinki ina yi kamar ban ci alherinki ba. Na jawo nawa. Ta dube shi, ta dube ni. Sai ta sa hannu ta jawo nata. Kalo, da kin ga fuskokinmu a lokacin, da kin yi dariyar nan taki har kin riƙe ciki. Kelepi yana can gefen kabari cikin tsohuwar tabarma mai girma da ta rufe shi har kafaɗa, kamar yadda ya wajaba ga ɗa, yana bin taron da kallo. A nan na gane abin da kika ce zai gani.

Da aka tashi daga zaman makoki, na yi ta jan ƙafa. Kullum in ce gobe. Na shanya ta, na ninke, na sake warwarewa, na kira 'yata ta zo ta taɓa ta. Da na ga watan yana neman ƙarewa, na naɗe ta a zane na tafi, kuma wannan karon ta ƙofar gaba na shiga. Ɗakin baya ya cika kamar da. Kelepi ya ce, "Ke kaɗai ta rage. Har na fara cewa 'yan Ha'apai sun nuna girman kan nan da Kalo take faɗa." Na ce uwarsa ma ba ta iya da ni ba balle shi.

Na ajiye ta a tebur ina jiran ya ɗauko leda. Sai ya tashi ya wanke hannu. Ya shimfiɗa ta, ya bi saƙar da yatsa, bai iya ba amma ya yi. Ya sunkuya ya sansana. Sannan ya ɗaga kai ya ce, "Wa ya saƙa ta?" Na gaya masa. Ya ce, "A mutuwar wa aka ɗaura ta?" Na fara lissafa masa tun daga kakata, da mahaifina, da mahaifiyata, da Taniela. Da na zo kan sunanki, shi ya ƙarasa mini. Ya ce matar Sydney ta zo ta tafi, ya ba ta haƙuri, ya sayar mata da akussa da kwabbai da agoguna, ya kuma sa motar mahaifinsa a kasuwa, amma ya ce mata tabarmin nan masu su suna da rai. Ya ce in nuna masa yadda kike ninke ta. Na nuna masa, ya hau kujerarki ya mayar da ita kan kantar sama.

Ya Ubangiji, ka jiƙan baiwarka Kalolaine, ka gafarta mata kurakuranta, ka rufa mata asiri a gabanka kamar yadda ta rufa wa matan garin nan. Ka sa ta huta, ka haskaka makwancinta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kelepi da ƙannensa mata biyu, da jikokinta, da danginta na Vava'u, da jama'ar cocinmu, Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya sa albarka a abin da ta bari.

Har yanzu ban fanshi tabarmar ba, Kalo, kuma da wuya gwaza ta fanshe ta kafin tawa mutuwar ta zo. Amma na daina tsoro. Na nuna wa 'yata ƙofar shagon, na ce mata ranar da ƙararrawa ta buga domina ta je wurin Kelepi aro, kuma kada ta ɓoye ƙyallen.